Canon EOS R50 a yawon Asabar cikin birnin Kano: fokus ɗinta ya isa, ƙura ce matsalarta

Sabuwar kyamara ba a gane halinta a shago, ba a kuma gane shi a tsakar gida ana ɗaukar hoton yara. Sai an fita da ita yini guda, ta sha rana, ta shiga inuwa, ta haɗu da ƙura da cunkoso, sannan a san abin da aka saya. Ga wanda ke Kano ko zai iya shigowa da sassafe, birni kaɗai ya isa wannan gwaji: Dutsen Dala da hantsi bai yi ba, Karofin Ƙofar Mata kafin rana ta take, lungunan Kasuwar Kurmi da tsakar rana, sai wani fili mai motsi da la'asar. Kowane wuri yana tona wani ɓangare na kyamarar. A kan wannan hanya za a auna Canon EOS R50 da ƙaramin lens ɗin da ake haɗa ta da shi, RF-S 18-45mm f/4.5-6.3 IS STM.

Canon ta fitar da R50 a watan Fabrairun 2023, a kan dala 679 jikinta kawai, dala 799 tare da lens. Kuɗinta a naira yana bin canji ne, don haka ka tambayi farashin ranar da za ka saya. Sensarta, wato farantin da ke karɓar hoto a ciki, matsakaiciya ce irin APS-C mai megafiksel 24.2, na'urar sarrafa hotonta DIGIC X, nauyinta da batir da memori giram 375, lens ɗin kuma giram 130. Duka-duka rabin kilo da ɗan ɗoriya. Wannan rashin nauyi ba ƙaramin abu ba ne ga mai hawan dutse da shiga kasuwa, kuma kyamarar da ba ta cika ido ba ta fi saurin samun izinin mutane fiye da ƙatuwar da ke sa a ɗauka ɗan jarida ne ya zo.

Daren Juma'a

Abin da ke ɓata yawon Asabar yawanci tun daren Juma'a ake barinsa. Batirin R50 shi ne LP-E17, ɗan ƙarami mai 1040mAh. A ma'aunin CIPA, wanda kamfanonin kyamara ke gwada batir da shi, yana ba da hoto kusan 440 idan da sikirin ɗin baya ake aiki, kusan 310 idan ta tagar leƙe ake kallo. Ka lura da wannan: tagar leƙen ta fi sikirin cin wuta, alhali a ranar Kano ita ce za ka fi dogara da ita. Batir ɗaya ba zai kai ka magariba ba in kana haɗawa da bidiyo. Biyu shi ne mafi ƙaranci, uku kwanciyar hankali. Batiran da ba na Canon ba suna aiki, amma da yawansu kyamarar za ta yi maka tambaya duk sanda ka saka su, ba za ta nuna maka sauran wutar daidai ba, sai kawai ka ga ta ɗauke. Ana iya cajin batir a cikin kyamarar ta kafar USB-C, da sharaɗin fawa bank ɗin da wayar cajinsa masu PD ne, wato tsarin caji mai sauri na USB-C. Tsohuwar wayar caji mai faffaɗan kai a gefe guda ba za ta yi komai ba, mutum ya yi ta zargin kyamara alhali laifin waya ne.

Ramin memori ɗaya ne, UHS-I. Kada ka ɓata kuɗi a kan UHS-II, zai shiga amma ba zai ƙara gudu ba. Nemi 64GB mai alamar U3 ko V30. Hoton RAW ɗaya, wato ɗanyen fayil da ake gyarawa a kwamfuta, yana kusan 27MB, don haka 64GB zai ɗauki sama da dubu biyu. C-RAW yana rage girman kusan rabi, kuma da wuya ido ya ga bambanci. Bidiyon 4K kuwa yana cin kusan 900MB a minti ɗaya. Memorin jabu ya yi yawa a kasuwa, an rubuta 64GB a jiki amma cikinsa bai kai rabin haka ba, kuma ba ya nuna halinsa sai ya cika ya fara cinye hotunan farko. Kafin ranar fita, cika shi da fayiloli a kwamfuta, ka buɗe na farko da na ƙarshe ka ga suna nan, sannan ka yi masa fomat a cikin kyamarar.

Saiti uku kuma a gyara tun a gida. Tsarin bidiyo ya koma PAL, saboda wutar Najeriya da ta Nijar 50Hz ce, kuma hoto 25 ko 50 a daƙiƙa ne ke zama lafiya da fitilunmu. Fokus ya zama Servo, wato mai bin abin da ke motsi, gano abin ɗauka a bar shi a kan mutane, gano ido a kunne. Wi-Fi da Bluetooth a kashe su har sai an zo tura hoto waya. A jaka a saka roba mai hura iska, ƙyallen goge gilashi, da ledar da ake zugewa.

Dala

A watan Disamba da Janairu rana tana fitowa a Kano wajen ƙarfe bakwai saura kwata. Ka so a ce kana saman Dala kafin bakwai da rabi, kuma ku kasance biyu ko uku, ba kai kaɗai da kyamara a wuya ba. Abu na farko da sabon mai R50 ke cin karo da shi shi ne lens ɗin a naɗe yake; sai an murɗa zoben zuwa 18 kafin ta yarda ta ɗauka. Daƙiƙa ɗaya ce, amma tana sa a rasa hoto. Da zarar an fara aiki a bar shi a buɗe.

Daga sama birni yana shimfiɗe: rufin kwano, sauran soraye na ƙasa, hasumiyoyin Babban Masallaci, Goron Dutse a yamma. A 18mm, wanda daidai yake da kusan 29mm a babbar sensa ta manyan kyamarori, faɗin bai isa ya kwashe wannan duka ba. Akwai tsarin Panorama a cikin SCN, rukunin tsare-tsaren da aka shirya tun daga kamfani, wanda ke ɗinke hotuna yayin da kake juyawa, kuma yana yin aiki mai kyau in ka juya a hankali da gwiwar hannu a manne da jiki. Don hoto ɗaya, a saka Av, tsarin da kai ke zaɓar ƙofar hasken lens, a ajiye ta a f/8, ISO kuma, wato ƙarfin jin hasken sensa, a 100. A f/8 ne wannan lens ya fi kaifi har gefe. Kada ka kai f/16 da tunanin komai zai fi fitowa. A sensa mai wannan girma, daga f/11 zuwa sama hoton laushi yake ƙarawa.

Hazon hunturu shi ne babban malami a nan. Kyamara tana ganin sama fara fat, sai ta rage haske, birnin ya fito da duhu-duhu kamar toka. A ƙara haske da +2/3 ko +1, a duba ma'aunin haske na histogiram kada ya manne da bangon dama. Na biyu, farin da kyamara ke zaɓa da kanta yana wanke wannan ruwan ƙasa-ƙasa da hazo ke bai wa safiya, wanda shi ne ma kyawun hoton. A mayar da shi kan alamar rana, wato 5200K. Gilashin folaraiza, wanda ke taimakawa da damina, a hazo kusan asarar haske kawai yake jawowa, domin ƙura ce a iska ba ƙyalli ba. A RAW ana iya dawo da bambancin haske da duhu daga baya, kuma fayilolin R50 a ISO 100 suna jure a ɗaga inuwa mataki biyu (kowane mataki ninka haske ne sau biyu) ba tare da sun lalace ba. In aka wuce uku, yashi-yashi zai fara fitowa a wuraren duhu.

A nan ne kuma mutum zai ji kwaɗayin cire lens ya saka mai janyo nesa, RF-S 55-210mm, don ya kamo hasumiya. Kada a yi. R50 ba ta da na'urar da ke girgiza sensa ta kakkaɓe ƙura, wadda R10 da R7 suke da ita, har ma tsofaffin kyamarorin Canon masu madubi da yawa. Kuma in ka cire lens, sensar a buɗe take tsirara, babu madubi babu labule a gabanta. Jikin ma ba a toshe shi don ƙura ko ruwa ba. A ƙasar da ba ta da hunturu wannan ƙaramin aibi ne. A wajenmu shi ne aibi mafi girma da kyamarar ke da shi, kuma abin takaici ne Canon ta cire wannan don rage kuɗi a kyamarar da aka yi wa masu koyo, waɗanda su ne ba su iya wanke sensa ba. Dokar ita ce: lens ɗin da ka fito da shi daga gida, da shi za ka yini. In dole ne a sauya, a shiga mota a rufe gilasai, a kashe fanka, a jira minti biyu ƙura ta kwanta, a kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, sabon lens yana hannu a shirye kafin a kwance tsohon.

Karofi

Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, shi ne wurin da R50 ke nuna abin da aka biya kuɗi dominsa. A isa tsakanin takwas da rabi zuwa goma, a yi sallama, a nemi wanda ke kula da baƙi, a faɗi abin da ya kawo ka, a ba da abin da ya sawwaƙa. Marina mutane ne da ke kan sana'arsu, ba kayan kallo ba, kuma wanda aka gaisa da shi yakan gyara zama ya ci gaba da aiki yadda hoto zai yi kyau.

Marini yana zaune a bakin rijiya, kansa a sunkuye, hula ta rufe rabin goshi, yana tsoma ƙyalle yana ɗagowa. Wannan zama yana rikita tsofaffin kyamarori, su bar fuska su kama ƙyallen ko bakin rijiya. Fokus ɗin R50, Dual Pixel CMOS AF II, yana kama ido in ya gan shi, in ido ya ɓace ya koma kai, in kai ya juya ya riƙe jiki, sannan ya dawo kan ido da zarar an ɗago. Yana yin haka a kan baƙar fata cikin inuwa ba tare da neman taimako ba. Wannan tsari daga manyan kyamarorin Canon ya gangaro, kuma a wannan farashi da wuya a sami wanda ya fi shi. Inda yake kuskure shi ne idan mutane uku ko huɗu suna cikin hoto, sai ya zaɓi wanda ya fi kusa ko wanda ya fi fuskantar ka. Babu sandar tura fokus a bayan kyamarar. Maganin shi ne a kunna Touch & drag AF, yadda za ka ja babban yatsa a kan sikirin alhali idonka na kan tagar leƙe. A taƙaita shi ga ɓangaren dama na sikirin, in ba haka ba hancinka ne zai riƙa matsar da fokus.

Sikirin ɗin yana juyawa kowane gefe, kuma a karofi wannan ya fi komai amfani. Rijiyoyin a ƙasa suke. Hoton da aka ɗauka a tsaye kan marini da bayansa kawai yake nunawa. A sauke kyamara kusa da ƙasa, a juyo sikirin sama, sai hannayen da suka rine da baba su cika gaban hoto, ƙyallen yana ɗiga, layin rijiyoyi ya miƙe a baya. Igiyar kyamara ta kasance a naɗe a hannu, kuma a kiyayi fantsama: ruwan rini akwai toka a ciki, in ya bushe a kan gilashi yana barin tabo. Gilashin kariya mai faɗin 49mm a gaban lens kuɗinsa kaɗan ne, a nan kuwa ya biya kansa.

Launi yana buƙatar kulawa. Ƙyalle yana fitowa daga rijiya da ɗan kore-kore, iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonka, wanda aka tsoma sau da yawa kuma ya yi duhu har ya kusa baƙi. Salon launi na Standard yana ƙara wa shuɗin ƙarfi fiye da yadda yake, duhun kuma ya cushe, zanen ɗaurin ya ɓace. Faithful ko Neutral sun fi riƙe gaskiyar shuni. In hoton na talla ne, mai saye zai kwatanta da abin da ya iso hannunsa, to a ɗauki farar takarda a cikin hasken wurin a saita farin da ita. Gudun shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga, na 1/500 na daƙiƙa yana tsayar da ɗigon ruwa. 1/250 ya isa ga hannu.

Wajen masu bugu labari ya sauya. Ɗaki ne mai ƙarancin haske, mutane suna zaune a jere suna sauke manyan sandunan bugu a kan shadda don ta yi ƙyalli. A nan lens ɗin ya gaza. In ka janyo zuwa 45mm, ƙofar haskensa f/6.3 ce, kuma don tsayar da sandar bugu kana buƙatar 1/500, abin da zai tura ISO zuwa 12800 ko sama. Hoton R50 yana da tsabta har 1600, yana karɓuwa a 3200, a 6400 ya fara rasa zaren ƙyalle, a 12800 sai dai don waya. Hanya biyu ce. Ko ka matsa kusa ka tsaya a 18mm inda ƙofar take f/4.5, wanda ya ninka hasken sau biyu. Ko ka rungumi motsin: 1/30, fuskar mai bugu a tsaye, sandar ta zama inuwa mai gudu. Na'urar hana girgiza da ke cikin lens ɗin, wadda Canon ta ce tana ba da mataki huɗu, tana riƙe 1/30 har 1/15 cikin sauƙi. Amma a tuna, girgizar hannunka take gyarawa, ba motsin wanda kake ɗauka ba. Jikin kyamarar kansa ba shi da wannan na'ura.

Kurmi da tsakar rana

Daga sha ɗaya zuwa uku hasken waje ba shi da amfani, inuwa tana zama a ƙarƙashin ido da hanci. Lokacin shiga Kurmi ke nan, kasuwar da ke nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Lungunan ƙunci ne, rufi ya kusa haɗewa, rana tana ratsowa siriri-siriri ta faɗa a kan jakunkunan dukawa, kayan doki, tasoshin tagulla, buhunan kayan yaji. Bambancin haske da inuwa a nan ya fi ƙarfin kowace sensa. A auna haske a kan wurin da rana ta taɓa, a bar inuwa ta yi duhunta, sai a rage -2/3. Wanda ke ɗaukar JPEG ya kunna Highlight tone priority, wanda ke kare fari daga ƙonewa, sai dai mafi ƙarancin ISO zai koma 200. Haka ma in dattijo ne da farar babbar riga a bakin rumfa: rigar ce za ta fara ƙonewa, aikin zaren wuyanta ya ɓace, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa.

A cikin rumfa, a 1/125 da f/6.3, ISO zai riƙa yawo tsakanin 3200 da 6400. Wannan ne ya sa duk wanda ya sayi R50 ya kamata ya sa RF 50mm f/1.8 STM a lissafinsa. A f/1.8 haske yana shiga kusan sau goma sha biyu fiye da f/6.3, wato ISO 6400 ya sauko kusan 500. Nauyinsa giram 160, kuma yana cikin mafi araha a lens ɗin RF, irin waɗanda ke shiga bakin R50. Aibinsa a Kurmi shi ne a wannan sensa yana zama kamar 80mm, lungu kuma ba shi da wurin ja da baya. Na fuska da hannu ne, ba na rumfa gaba ɗaya ba, kuma ba shi da hana girgiza, don haka kada a sauka ƙasa da 1/125. Tun 2024 Canon ta bar Sigma da Tamron su yi lens masu fokus da kansu don wannan baki, kuma Sigma 18-50mm f/2.8 shi ne wanda ya fi dacewa da irin wannan yawo: haske sau biyar fiye da na Canon a ƙarshen janyowa, kuma yana raba ka da sauya lens a cikin ƙura. Shi ma ba shi da hana girgiza, abin da mai bidiyo da hannu zai ji a jikinsa.

Akwai tarko ɗaya a kasuwa. R50 tana da shota mara ƙara, ta lantarki zalla, kuma mutum zai so ya kunna ta don kada ya dami jama'a. A ƙarƙashin ƙananan fitilun LED da ’yan kasuwa ke ratayawa, musamman in janareta ke ba da wuta, wannan shota tana fitar da ratsi-ratsi a kwance, wani haske wani duhu. Dalili shi ne sensar tana karanta hoton ne layi-layi daga sama zuwa ƙasa, a hankali, fitilar kuma tana ƙiftawa a tsakani. Ba a gyara wannan a kwamfuta. A koma shotar da aka saba, wadda Canon ke kira Elec. 1st-curtain, a riƙe 1/100 ko 1/50 in fitila ce kaɗai hasken. Ƙarar ba ta da yawa, hayaniyar kasuwa ta shanye ta.

Kuma a tambaya kafin a ɗaga kyamara, musamman ga mata. Wanda ya ce a'a, a yi masa godiya a wuce. Wanda ya yarda, a juya sikirin a nuna masa. Gidan Makama yana kusa in ana son hutawa daga rana. A tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto a ƙofa. Shingen jami'an tsaro da gine-ginen gwamnati kuwa a sauke kyamara a wuce su.

Maganar zafi: Canon ta rubuta cewa kyamarar tana aiki daga digiri 0 zuwa 40. Kano tana wuce 40 a watan Afrilu. Hoto ba ya damuwa sosai, amma 4K yana dumama cikinta, alamar zafi ta fito a sikirin, in aka yi biris ta tsaya sai ta huce. A buɗe sikirin daga jiki don bayan ya sha iska, a kashe ta tsakanin ɗauka, kada a bar ta a kan kujerar mota a rana. Bidiyon kansa yana da kyau ƙwarai, 4K har 30 a daƙiƙa daga faɗin sensa duka, an matso shi daga 6K, ɗauka ɗaya har awa guda. Akwai kafar makirufo, babu ta abin sauraro a kunne, don haka sai an ɗauki gwaji an saurara kafin a fara hira da kowa.

La'asar

Daga huɗu da rabi haske ya dawo, ja-ja, daga gefe. Lokacin gwada gudu ke nan, ko a filin ƙwallon unguwa, ko wajen mahaya dawakai, ko a Gidan Zoo in tsuntsaye ake so, tunda kyamarar tana gane idon tsuntsu da kare da kyanwa. Tana ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa da shotar da aka saba, 15 da ta lantarki. A takarda wannan ya yi kama da kyamarar wasanni. A aiki, in RAW kake ɗauka, bayan hoto kusan bakwai ta cika ta fara numfashi, wato ƙasa da daƙiƙa ɗaya. JPEG yana kai wa kusan arba'in. Ɗan wasa ya taho da ƙwallo, ka danne tun daga nesa, lokacin da ya buga kyamarar tana can tana rubutu a memori. A koma C-RAW ko JPEG, a riƙa dannawa gajere-gajere, uku-huɗu a saki. Tv, tsarin da kai ke zaɓar gudun shota, 1/1000, ISO a kan Auto. Ga mahayi, a bar fokus a kan mutane ya bi kansa.

Shotar lantarki a nan ma tana da illa: in ka bi adaidaita sahu ko doki da kyamara, turakun wuta da bangon baya za su fito a karkace, saboda wancan jinkirin karatu. A bar ta sai wurin da shiru ya zama dole kuma babu motsi.

Zuwa wannan lokaci hannu ya gama sanin jikin kyamarar. Mariƙinta ƙarami ne, mai babban hannu ƙaramin yatsansa a iska zai yini. Dayal ɗaya ne a sama. A M, tsarin da kai ke saita komai da hannu, sai an danna maɓalli ko an taɓa sikirin kafin a koma daga shota zuwa ƙofar haske. Maɓallan baya suna kusa da tafin hannu, ana danna su ba da niyya ba. Mai tasowa daga waya ba zai ga laifin wannan ba, menu ɗin Canon a fili yake, taɓa sikirin kuma kamar na waya. Wanda ya saba da manyan kyamarorin Canon irin 80D ko 5D zai ji a takure.

Masu hoton biki su karanta wannan da kyau kafin su saya. Kujerar filasha da ke saman R50 sabuwar iri ce, ba ta da ƙarafan tsakiya da tsofaffin filasha ke taɓawa. Filashar Canon ta da, ko Godox, ko Yongnuo da ke jakarka, za ta zauna a kai amma ba za ta yi wuta ba sai da adafta AD-E1, wadda ake saye daban. Ga memori ɗaya, ga ƙaramin batir. Ranar ɗaurin aure ba a maimaita ta. Mai wannan sana'a ya duba R10, mai dayal biyu da sandar fokus da kujerar filasha da ke karɓar tsofaffi da sensa mai kakkaɓe kanta, ko R7 mai memori biyu da babban batir da jiki mai jure ƙura. Tsofaffin lens ɗin EF na kyamarori masu madubi kuwa suna aiki lafiya a kan R50 da adaftar EF-EOS R, fokus ɗinsu ma yakan fi yadda yake a da. R100 ta fi araha, amma sikirinta ba ya juyawa, ba a taɓa shi, fokus ɗinta tsohon tsari ne. Bambancin kuɗin bai kai abin da za a rasa ba.

R50 ta dace da ɗalibin hoto, da mai sayar da shadda ko takalma ko turare a intanet da ke son launi na gaskiya, da mai bidiyon YouTube, da mai son yawon ƙarshen mako da abin da ba zai karya masa wuya ba. A irin waɗannan hannaye, tana fitar da hoton da waya ba za ta iya ba, kuma fuskokin da ta kama da wuya su kuskure. Sai dai kuɗin da ke kan kwali ba shi ne kuɗinta ba: a ƙara batir na biyu, memori na gaskiya, gilashin kariya na 49mm, hular lens EW-53 wadda ba ta zuwa a kwalin, roba mai hura iska, da lens mai haske in hali ya yi.

In an dawo gida da daddare, kafin a kwanta, a goge jikin da busasshen buroshi mai laushi, a miƙe lens ɗin zuwa 45mm a share ƙurar da ta kwanta a wuyansa kafin a naɗe shi, don naɗewar ce ke jan ta ciki. Sannan a gwada sensa: Av, f/22, ISO 100, fokus na hannu a kauce, a ɗauki farin bango ana ɗan motsa kyamarar. A buɗe hoton a kwamfuta. Duk ɗigon da ya fito a wuri ɗaya a hoto biyu, a kan sensa yake. A cikin ɗaki a rufe, a kifa kyamara, a hura da robar sau biyar-shida ba tare da bakinta ya taɓa komai ba, a sake gwadawa. Ba a hurawa da baki, ba a saka auduga ko gefen riga. Abin da ya ƙi fita sai tsinken wanke sensa na girman APS-C, ɗigo ɗaya ko biyu na ruwansa, shafa ɗaya zuwa dama, a juya tsinken, shafa ɗaya zuwa hagu, a jefar da shi. Wanda hannunsa ke rawa ya kai wa mai gyaran kyamara, kafin nan ya riƙa tsayawa a f/8 ko ƙasa, inda yawancin ɗigon ba sa fitowa.